Bakan Kaka da Muka Je Nema Faransa

Tun da muka dawo daga hutu Rahila da Laraba ba su bar ni na sha iska ba. A layin abinci, a bakin famfo, har lokacin da Malama ta ce kowa ya yi shiru, sai in ji an taɓa ni ta baya: "Saratu, wai da gaske kin je Faransa?" Kun san ni, idan mutum uku suka zuba min ido magana takan maƙale min a wuya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ku karanta ku miƙa wa ta gaba. Amma tun yanzu ku sani, ban ga turare ba, ban ga mata masu dogon takalmi ba. Faransar da na je ita ce Kamarun da ke bayan Sahuda, wadda tsofaffi har yau suke kira Faransa. Kuma baka muka je nema.

Kakana na wajen uwa, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama, shi ne sarkin bakan maharban da ke taruwa a Yelwa. Dogo ne, hannuwansa kuwa sun fi shi tsawo, yana tsaye suna neman gwiwa. Ba ya jan tsirkiya da yatsu uku. Yana da zoben ƙarfe a babban yatsansa na dama, da shi yake maƙale ta, ya ja ta har ta wuce kumatu. Al'adarsu ita ce, bayan girbi ba mai shiga daji sai sarkin baka ya tsaya gaban jama'a ya harba kibiyar farko a jikin tsohuwar kukar da ke bakin mayo, wato rafi. Shekarar da ya kasa, sarautar ta bar hannunsa.

Abin da ya faru shi ne, aka ce wani babban baƙo zai zo gari, ofishin da Kawu Adamu ke aikin akawu yana neman kayan gargajiya a ƙawata bango. Kawu Adamu ɗan Kaka ne, ƙanen Innata. Ya ɗauki bakan ranar da Kaka ya tafi gona, yana cewa aro ne na kwana biyu. A ofis suka shafa masa fenti kore da fari, suka kafe shi a bango da ƙusa biyu don kada ya faɗo wa baƙo a ka. Baƙon ya zo, ya sha shayi ya tafi, an ce bai ko ɗaga kai ba. Da aka dawo da bakan, Kaka ya sa ɗan yatsa a ramin ƙusa ɗaya, ya sa a ɗayan, ya jingine shi ya shiga ɗaki. Daga ranar tuwonsa ya fara dawowa rabi.

Kawu ya sayo bakuna uku a kasuwar Mubi, irin masu tuntu da jar fata da Turawa ke saye su kai gida. Kaka ya ja na farko, bai kai haɓa ba ya ce ƙas. Na biyu ma haka. Na uku ya miƙa wa Kakata ya ce ta hura wuta. Saura kwana goma sha biyu a buɗe daji. Malam Buba, wanda ya daɗe yana son sarautar kuma ya sayi bindigar toka, ya fara zuwa gaisuwa kullum da safe.

"Sarki, yaya ƙarfin jiki? Na ji an ce baka ya shiga aikin gwamnati. Allah ya sa su ba shi fansho."

Kaka ya ce mutum ɗaya ne ya iya yi masa baka, Jingi, kuma a Gella ya san shi da zama, sai dai an daɗe ba su haɗu ba. Shi ba zai iya tafiyar ba saboda gwiwa. Kawu ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara, kuma zai yi abin a ilmance. Ya kawo rula ya auna tsohon bakan, ya rubuta ƙafa biyar da inci huɗu. Ya nufo hannun Kaka da rular.

"Adamu, ba a auna ni sai ranar likkafani," in ji Kaka.

Ni aka haɗa Kawu da ni saboda ina jin Gude, yaren su Jingi, a bakin Kakata, shi kuwa Kawu tun da ya dawo daga makaranta ya ce yaren ya gudu daga kansa. Da safen da za mu tafi Kaka ya kira ni bayan rumbu, ya zare zoben ya ɗaure min a haɓar zane. Ban taɓa ganin yatsan ba zobe ba. Wurin ya yi fari fat, siriri kamar ba nasa ba.

"Ki ba Jingi a hannu. Kada ki ba kawunki, zai kai ofis su buga masa ƙusa."

Muka hau babbar mota mai katako zuwa Gella. Kawu ya sa farin gajeren wando, doguwar safa har gwiwa, da biro biyu a aljihu. Ya nemi kujerar gaba aka ce wani mai shanu ya riga shi, sai muka hau baya kan buhunan gishiri. Kusa da shi wata mata ce da zabi huɗu a kwando. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai likita ne?"

"Ni akawu ne."

"To akawu, riƙe min wannan, mota zai yi tsalle a gaba."

Ya riƙe kwandon a cinya har Gella. Na ga lokacin da zabuwa ɗaya ta yi abin da ta yi ta ramin kwandon, kuma na ga inda ya sauka a farin wandon. Na so in faɗa, kunya ta hana ni. Haka ya yi ta yawo da shi har yamma.

A Gella muka sami rumfar Jingi, amma wani ƙanensa ne a ciki yana gyaran keke. Ya ce Jingi ya koma ƙauyen matarsa a can tsallake tun kafin ƙuri'a. Lokacin masu yawon neman ƙuri'a sun dame shi, waɗannan su zo da safe su ce ya zaɓi Najeriya, waɗancan su zo da yamma su ce Kamaru, shi kuma itacensa na jiran kankara. Ya kwashe itatuwansa ya hau dutse.

"Ya ce sai an gama surutu zai dawo," in ji mai keken. "Ga shi shekara biyu, ba a gama ba."

Daga nan a ƙafa muka tafi. Iyakar wani ɗan mayo ne, ruwansa bai kai idon sawu ba. An ce iyakar tana nan tun da, amma bayan ƙuri'a ta samu tuta da doguwar gora da ake ɗagawa. Ma'aikacinmu na wannan gefen ya karanta takardar Kawu, ya buga hatimi, ya tambaye shi ko ofishinsu na ɗaukar masinja don yana da ɗan'uwa. Muka tsallaka muka tarar da rumfar jandarma, ɗan sandan can, a rufe. Ashe su can da rana ta take tsaka suke rufe aiki su je su kwanta, sai wajen ƙarfe uku su fito, kuma ba mai kiransu ragwaye. Da a ce makarantarmu za ta koyi abu ɗaya daga Faransa, wannan zan roƙa.

Muna zaune a gindin gorar, mata suna ta wucewa ta bayan rumfar da tallan gyaɗa. Awaki suka wuce. Wani makaho ya wuce. Matar nan mai zabi ma ta zo ta wuce, ta juyo.

"Akawu, me kake jira? Hanya yana nan."

"Doka nake jira," in ji Kawu.

"To gaishe shi idan ya tashi."

Da jandarman ya fito, ya ba Kawu hannu, ya ba ni hannu, abin da ba a taɓa yi min ba. Can haka suke, kowa a ba shi hannu, babba da yaro, zuwa da tafiya. Kawu ya yi masa Turanci, shi ya amsa da Faransanci. Suka yi ta yi, kowa yana ƙara ɗaga murya, kowa yana nuna takardarsa. Can jandarman ya gaji, ya juya ya tambayi mai gyaɗa wani abu da Fulatanci. Kawu ya amsa kafin ta amsa. Suka dubi juna, kamar an kama su suna satar nama. Cikin minti biyu aka ɗaga gorar.

A gidan Goggo Dija muka sauka, 'yar ƙanwar Kakata da ta yi aure can. Gidan kamar namu ne, tuwon dawa kamar namu, miyar tafasa da gyaɗa, sai dai tasu ta fi kanwa. Da safe ne na ga bambanci. Aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, ba ko sukari, da wani baƙin gahawa mai ɗaci. Kawu ya ce haka manya ke karyawa a Turai, ya gatsa, ɓawon ya yanka masa dasashi. Ni na jiƙa nawa a kunu yadda na ga 'ya'yan Goggo suna yi. Mota kuwa, guda ɗaya na gani a kwana huɗu, kuma ta hannun dama take bi, ba hagu irin namu ba. Kawu ya tsaya inda a Mubi ba mai taɓa shi, sai da ya faɗa cikin gonar kuɓewa.

Gidan Baba Jingi yana saman dutse. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, bai kai kafaɗar Kawu ba. A ɗakin girkinsa, sama da murhu, itatuwa ne jere a rufi sun yi baƙi da hayaƙi, wasu ya ce sun fi ni shekaru. Ni nake fassara, kaina a ƙasa. Kawu ya buɗe littafinsa.

"Gaya masa muna son baka, ƙafa biyar da inci huɗu."

Na faɗa. Baba Jingi ya ce ƙafar wa. Kawu ya ciro rula. Tsohon ya karɓa ya lanƙwasa ta kaɗan, ya shinshina, ya ce itacen ɗanye aka sare shi. Wani maƙwabci da ya leƙo ya ce ai yanzu nan mita ake yi, inci na Ingila ne. Shi da Kawu suka shiga gardamar wanda ya fi daidai.

Suna cikin haka na kwance haɓar zane na ajiye zoben a tafin Baba Jingi. Ya juya shi, ya bi ramin da tsirkiya ta ci da farcensa.

"Mai dogon hannu yana raye ashe. Ni na ƙera wannan, shekarar da fara ta cinye dawa." Ya duba cikin zoben, inda Kaka ya naɗa zare. "Yatsan ya rame."

Ya ce tsawon tsohon baka ba ya gaya masa komai. Shi ba ya yi wa mutum baka sai ya ga inda yake kai tsirkiya, da irin ƙarfin da ya rage masa. Rabonsa da Kaka ya fi shekara ashirin. Ko a kawo shi, ko mu sha ruwa mu koma.

"Gaya masa Baba yana nan kamar zaki," in ji Kawu. "A ba mu wanda ya fi kowanne tauri. Ja kuwa, zuwa haɓa ne, kamar yadda yake a littafi."

Ban fassara ba. Kawu ya ce, "Saratu, ke nake jira." Amma na san idan na faɗi maganarsa, abin da za mu kai gida Kaka ba zai iya ja ba, kuma a gaban Malam Buba zai gane haka.

Na ce da Gude, a hankali, ba haɓa ba ne. A gemun Kaka ta dama akwai layin da gashi ba ya fitowa, tsirkiya ta share shi, ya tashi daga gefen baki ya tafi har ƙarƙashin kunne. Kullum ina ganinsa idan na kai masa tuwo, don ta wannan gefen nake durƙusawa.

"Har yanzu layin ya kai kunne, ko gashi ya fara rufe ƙarshensa?"

"Ya kai, Baba."

"To ja bai ragu ba. Ƙarfi fa?"

Nan ne na so ƙasa ta buɗe. Maƙwabcin yana nan, matar gidan ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi. Yarinya ba ta tona rashin ƙarfin kakanta a gidan mutane. Baba Jingi ya lura, ya ce wa maƙwabcin ya kai Kawu ya nuna masa mitar tasa. Da suka fita na faɗa masa. Tun bara Kaka ba ya ɗaga butarsa da hannun hagu kaɗai idan ta cika. Yakan duba ko ba kowa, sannan ya tallafa da na dama. Idan ya miƙe hannun yakan yi rawa kafin ya tsaya.

"Butar ƙarfe ko ta ƙasa?"

"Ta ƙasa, babba."

"Rabi fa, yana ɗagawa?"

"Yana ɗagawa."

Ya gyaɗa kai kamar na ba shi lamba daga littafi. Ya sa aka kira Kawu, ya tsayar da shi a tsakar gida, ya ce ya miƙe hannun hagu. Ya zagaya shi yana taɓa kafaɗa da gwiwar hannu, ya ce wannan ko ba a faɗa ba ɗan mai dogon hannu ne, ƙashin ɗaya ne, sai dai an ɓata shi da biro. Wannan ban fassara ba. Ya ɗaura igiya daga dunƙulen hannun Kawu, ya ce in nuna inda layin gemun ya ƙare. Na hau turmi na taɓa ƙarƙashin kunnen Kawu. Ya ƙulla igiyar a nan. A ƙarshe dai an yi awo, amma Kawu ne rula.

Kwana uku Baba Jingi yana aiki. Ya sauko da itacen da ya fi kowanne tsawo. Ya kankare kaɗan da wuƙa, ya taka da ƙafa ya lanƙwasa, ya kara kunne, ya sake kankara. Na lura ta ciki kawai yake ragewa, ya bar faɗin yadda yake, har ya naɗa baƙar fata a tsakiya da bakin biyu. Wanda ya gan shi daga nesa zai ce sai ƙato. Tsirkiyar ya murza ta da fata, yana gwada kaurinta a ramin zoben har ta zauna daidai. Kullum Kawu sai ya tsaya an ja igiyar zuwa kunnensa, yana cewa da an bi lissafinsa da tuni mun isa gida.

Ranar tafiya Baba Jingi ya cire tsirkiyar ya naɗa min a ƙugu ƙarƙashin zane, ya mayar min da zoben. Kawu ya ce shi ba zai shigar da komai ƙasa a ɓoye ba. A iyakarmu ya je da kansa ya ce yana da baka da zai bayyana. Ma'aikacin ya buɗe babban littafi, ya ce baka makami ne, sai da izini daga Mubi, kuma takardar takan ɗauki wata guda. Kawu ya ce ai kayan gargajiya ne. Ma'aikacin ya ce to wannan sai a riƙe shi a kai ofis a adana. Na ga gumi ya karyo wa Kawu, ina jin ƙusa ya tuna. Saura kwana biyar a buɗe daji.

Ni dai ina gefe. Na rataya ƙunshin kayana a baki ɗaya, ƙwaryar gyaɗar da Goggo ta ba mu a ɗayan, na saɓa a kafaɗa don na gaji da riƙo. Ma'aikacin ya ɗago.

"Ina bakan yake?"

Kawu ya nuna ni.

"Malam, wannan ai sandan ɗaukan kaya ne. Baka yana da igiya. Kai da iliminka ba ka san baka ba?" Ya rufe littafin. "Yarinya, wuce. Kada ki manta zancen masinjan nan, Malam."

Ranar buɗe daji mata ba sa matsawa kusa, amma na hau katangar makarantar allo ina hange. Malam Buba ya zo da bindigarsa an goge ta da man gyaɗa. Kaka ya fito da sabon bakan, mutane suka yi ta cewa kai, wannan ya fi na da girma. Ya sa zoben, ya ɗora kibiya, ya miƙe hannun hagu. Hannun ya yi rawa sau ɗaya ya tsaya. Tsirkiya ta bi layin gemun nan har ƙarƙashin kunne, sai muka ji kibiya ta kafe a kuka. Malam Buba ya ce Allah ya ja zamanin sarki, da murya kamar ta mai ciwon haƙori. Kawu kuwa ya yi ta zagaya jama'a da littafinsa yana nuna musu inci huɗun.

Da la'asar na kai wa Kaka tuwo na durƙusa ta damansa. Ya cinye tas, ya suɗe hannu. Bakan yana kan cinyarsa, yana shafa cikinsa inda aka kankare.

"Jingi ya yi min bakan tsoho, ya sa masa rigar saurayi," ya ce, bai dube ni ba. "Shekara ashirin bai gan ni ba. Wa ya gaya masa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙwaryar.

"Adamu ba ya ganin abin da ba a rubuta ba. Me kika ce masa?"

"Buta, Kaka."

Na fara shirin kuka. Sai ya tura min butar da ƙafa.

"Daga yau ke za ki riƙa zuba min ruwa. Rabi. Ki ɗauko ta da hannu biyu kamar ta cika."